Nisan da Ake Talla da Faƙon da Za a Buga a Kai

Duk wanda ya fara sha'awar wasan golf a 'yan shekarun nan, da zarar ya buɗe wayarsa zai tarar da tallar sandunan ƙarfe masu ɗauke da alkawari uku: araha, nisan bugu, da yafiya. Yafiya a bakin masu wannan sana'a ita ce sanda ta rufa wa mai bugu asiri idan ƙwallo ta kauce wa tsakiyar fuskarta. Likita ko malamin jami'a da ke zaune a Gidan Dare a birnin Sakkwato, wanda ya ɗanɗana wasan a Kaduna ko Abuja a wata tafiyar aiki har ya dawo yana tunanin mallakar nasa kayan, yana cikin waɗanda tallar take farauta, ko da yake ba da ƙasar Sakkwato a zuci aka tsara ta ba. Alkawuran nan uku kuwa nauyinsu ba ɗaya ba ne, kuma wanda aka fi kwarzantawa, wato nisa, shi ne mafi ƙarancin amfani ga mai bugu a wannan yanki.

Yafiyar dai gaskiya ce, kuma tana da tarihi. Sandunan da aka sani a da dunƙulen ƙarfe ne siriri, nauyinsa a tattare a bayan tsakiyar fuska. In aka dace da tsakiyar, ƙwallo ta tafi kamar kibiya. In aka kuskure da faɗin yatsa ɗaya, kan sandar ya murɗe a hannu, ƙwallon ta faɗi kusa, a karkace. Karsten Solheim, ɗan wani mai gyaran takalma da aka haifa a Nowe aka raina a Amurka, injiniya ne a kamfanin General Electric, bai kuma fara golf ba sai da ya haura shekara arba'in. A 1959 ya soma ƙera sanduna a garejin gidansa da sunan Ping. Dabararsa ita ce a rarake bayan kan sandar, a kwashe ƙarfen tsakiya a mayar da shi gefe da gefe. Kowa ya san cewa sanda mai kaya a bakinta biyu, irin ta 'yan ga-ruwa, ta fi wuyar juyawa a kan wadda kayanta ke tsakiya. Haka kan sandar golf yake: nauyin da aka baza a gefe yana hana shi murɗewa, sai bugun da ya kauce ya riƙe yawancin ƙarfinsa da saitinsa.

Abin da ya sauko da farashin wannan dabara shi ne zubi. Maimakon a yi ta dukan ƙarfe har ya ɗauki siffa, kamar yadda ake yi wa ruwan fartanya a Maƙera Assada, sai a siffanta kan sandar da kaki, a lulluɓe shi, a narkar da kakin, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Masu zubin tagulla na Ife da Benin sun yi ƙarnoni suna aiki da wannan hanya kafin a san da Ping. Sandunan Eye2 da kamfanin ya fitar a 1982 sun karɓu ƙwarai, kuma tun daga lokacin kusan kowane kamfani ya bi sahu. Ma'anar wannan ga mai saye a yau ita ce ilimin yafiya ya nuna tuntuni. An ƙara gyare-gyare, an siranta fuska, an cusa ƙarfe mai nauyi a gindin kan, amma tazarar da ke tsakanin sandar bana da ta shekara goma da suka wuce ba ta kai tazarar farashinsu ba.

Batun nisa shi ne inda ake buƙatar natsuwa. Kowace sandar ƙarfe tana da lamba a gindinta, kuma kowace lamba tana da gwargwadon yadda fuskarta ta kishingiɗa. Fuskar da ta fi kwanciya tana cilla ƙwallo sama ta sauko kusa, wadda ta fi miƙewa tana tura ta ƙasa-ƙasa ta yi nisa. A al'ada, sanda mai lamba 7 tana da kwanciyar digiri 34 zuwa 35. A yau akwai sandunan da ake kira na nisa waɗanda lamba 7 ɗinsu take da digiri 27 ko 28, wato kusan abin da ake samu a lamba 5 ta da, sau da yawa har da ƙarin tsawon ƙota. Babu wata doka da ta ɗaure lamba da digiri, don haka ba a yi ƙarya ba. Mutum ya gwada sabuwar lamba 7 a shago, ya ga ta zarce tsohuwarsa da yadi goma sha biyar, ya biya cikin murna, alhali lamba 5 ya saya da sabon suna.

Masu ƙera sandunan suna da amsarsu, kuma ba a rasa gaskiya a cikinta ba. Suna cewa nauyin da aka saukar ƙasa yana ɗaga ƙwallo fiye da da, dole a miƙar da fuska don kada ta yi sama da yawa. Ga mai ƙarfin bugu hakan yana aiki. Amma talaka a fagen golf, wanda ya shigo wasan bayan shekara arba'in kuma yake samun filin sau ɗaya a mako, ba shi da saurin da zai ɗaga ƙwallo da fuska mai digiri 20. Sai ya tarar lamba 4 da lamba 5 nisa ɗaya suke ba shi, ya biya kuɗin sanda biyu yana amfana da ɗaya. A ɗaya ɓangaren kuma, da yake an miƙar da gajerun sandunan su ma, giɓi yakan buɗe tsakaninsu da sandar fita daga rairayi, a ce masa sai ya ƙara sayen wata don cike giɓin.

Duk wannan lissafi ne da ya shafi ɗan wasa a ko'ina. Abin da ya keɓanta da Arewa shi ne ƙasa. Golf ba baƙo ba ne a nan: filin Rayfield na Jos tun 1913 yake, na Kaduna tun 1921, na Kano ma tsoho ne tun zamanin Turawa, kuma an daɗe ana buga wasan a filayen da dandalin raminsu rairayi ne da aka cakuɗa da mai, saboda ciyawa tana son ruwan da babu. Filin IBB na Abuja mai koriyar ciyawa sai a 1991 aka buɗe shi. A Sakkwato damina 'yan watanni ce, sauran shekara hunturu ne da bazara, kuma a watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40. Ƙasa takan zama faƙo. A kan faƙo ƙwallo ba ta rasa nisa, gudu take yi har ta wuce inda ake so. Abin da ake nema shi ne ta tashi sama, ta sauko a tsaye da juyi mai yawa, ta tsaya. Sandar da aka miƙar wa fuska tana rage tashi, tana rage juyi, wato tana ƙara abin da ƙasar ta riga ta bayar kyauta, tana tauye abin da ƙasar ta hana.

Akwai kuma faɗin tafin sanda. Yawancin masu yafiya tafinsu faffaɗa ne, an yi shi don ya zame a kan ciyawa mai laushi maimakon ya nutse. A ƙasa mai tauri babu inda zai nutse, sai ya yi tsalle, bakin sandar ya sari ƙwallo a ciki ta tafi tana sharar ƙasa. Mai tafi matsakaici ta fi dacewa da faƙo, ko da kuwa tallarta ba ta da armashi.

Sai kuɗi. Sabon jerin sandunan ƙarfe na manyan kamfanoni yakan kai dala dubu ko kusa da haka, kafin kuɗin dako da na kwastan. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 wannan ya zarce naira miliyan ɗaya, a ƙasar da mafi ƙarancin albashinta ya zama naira 70,000 a 2024. Abin da ake kira araha a Amurka ba shi ne araha a Gidan Dare ba. Dokar wasan ta ce kada a wuce sanda 14 a jaka, ba ta ce sai an cika su ba. Mai koyo zai yi shekara biyu cikin wadata da lamba 6, da 8, da gajera ɗaya, da ta rairayi, na hannu, daga kamfanin da aka sani, ya sa sauran kuɗin a darasi wurin ƙwararre da kuma ƙwallayen atisaye. Abin lura a kayan hannu shi ne jabu, wadda ta cika kasuwannin intanet, da layukan fuska da suka sule, da mariƙin roba da rana ta ƙone har ya yi santsi. Mariƙi ana sauya shi da kuɗi kaɗan. Jakar da aka bari a but ɗin mota a bazarar Sakkwato kuwa, har gam ɗin da ya riƙe kai da ƙota zafi yana iya raunana shi.

Da yawa daga ƙwararrun 'yan golf na Najeriya da ɗaukar jakar manya suka fara, suna koyon bugu da tsohuwar sanda ɗaya da wani ya bar musu. Su ne suka fi kowa sanin yadda ƙwallo take yi a faƙo da iskar hunturu, kuma a kowane tsohon fili na Arewa ana samun irinsu. Kafin mutum ya tura dala waje, ya ari lamba 7 iri biyu ko uku, ya tambayi digirin kowace, ya buga goma-goma a gaban ɗayansu, ya duba inda ƙwallayen suka tsaya bayan sun gama gudu.