A BIYA BAYAN AIKI, AMMA WA ZAI ƘIRGA MUTANEN SABO?

Shekara da shekaru al'adar rancen raya ƙasa ɗaya ce: a sa hannu a takarda, a zuba wa gwamnati kuɗi, ɗan kwangila ya karɓi rabonsa, sa'an nan a kafa allo a bakin hanya. Ko famfo ya kawo ruwa ko bai kawo ba, bashi dai ya hau kan talaka. Wannan ne ya sa Bankin Duniya ya fito da wani tsari a 2012, wanda a cikinsa ba a sakin kuɗi sai masu bincike sun tabbatar an yi aikin da aka yi alkawari.

Nijeriya ta shiga wannan tsari da ƙarfinta. A 2015 an amince da dala miliyan 500 don kiwon lafiyar mata da ƙananan yara, ana biyan kowace jiha gwargwadon ci gaban da ta samu a abubuwa kamar allurar rigakafi da haihuwa a hannun ƙwararru. A 2017 aka ware dala miliyan 611 don sa yara makaranta a jihohi 17, cikinsu har da Oyo da Ribas. A 2021 kuma aka ƙara dala miliyan 700 na ruwan sha da tsabta a jihohi bakwai.

Wannan jarida tana goyon bayan tsarin, domin gani ya kori ji. To, amma fa akwai wani rami a cikinsa, kuma baƙo ne kan gaba wajen faɗawa. Jami'in da aka ce za a biya shi bisa yawan yaran da ya sa a aji, ko gidajen da ya ja wa ruwa, tilas ya nufi inda ƙirga ke da sauƙi: unguwa mai titi, mai lambar gida, mai mutanen da ba sa tashi. Sabon Badun ba haka take ba, haka ma zangon Hausawa a Fatakwal. Ɗaki ɗaya mutum goma, ɗan ci-rani yau yana nan, da damina ya koma gida, yaro kuwa yana tsangaya, ba rajistar da ta san sunansa. Wanda ba a ƙirga ba ba ya kawo wa jiha ko sisi, saboda haka ba mai wahalar nemansa. Abin takaici ma, 'yan garuwan da ke shayar da Agege a Ikko, yawancinsu 'yan Arewa, su ne ke kwana inda babu famfo.

Gyaran ba shi da wuya. Duk yarjejeniyar da za a ƙulla nan gaba, a rubuta a cikinta cewa kuɗin da za a biya kan yaro ko gida a irin waɗannan unguwanni ya ɗara na sauran wurare, kuma kada a nemi takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma kafin a lissafa mutum.

Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa su ma suna da aiki a gabansu. Wajibi ne su daina barin jama'arsu suna ɓuya in an ga masu ƙidaya, don tsoron haraji ko kora. Su rubuta sunayen yaran kowane gida da shekarunsu, su kai wa hukumar ilimin firamare ta jiha da hannunsu, su kuma ajiye kwafi don ranar da masu bincike za su zo.