Batsari da Safana: Na'urar hoton asibiti ba ta aiki sai da wuta da injiniya

Wanda harsashi ya samu a Batsari, ko mai juna biyu da naƙuda ta yi wa gardama a Safana, abin da likita ke fara buƙata shi ne ya ga cikin jiki. Idan hoton ya fi ƙarfin asibitin gida, sai a kama hanyar Katsina ko Dutsin-Ma, hanyar da 'yan bindigar dajin Rugu suka sa jama'a ke shakkar bi da dare.

An saba jin kiran gwamnati ta sayo manyan na'urori. Amma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na'urar CT da ta MRI suna buƙatar wuta tsayayya, da ɗaki mai sanyi, da injiniyan da zai gyara su. Inda babu waɗannan, kayan miliyoyin naira kan koma ado.

Maganar wuta ita ma aikin injiniyoyi ce. Mafi yawan lantarkin Najeriya daga ƙona iskar gas yake fitowa. Masu bincike sun gano cewa idan aka gauraya gas da wadatacciyar iska kafin a kunna shi, zafin harshen wutar yana raguwa, gubar da ke cutar da huhu ma ta ragu. Maiduguri ta samu tashar gas mai megawat 50 a 2023, bayan 'yan ta'adda sun karya turakun wutarta. Sai dai bututun AKK mai tsawon kilomita 614, wanda aka fara a 2020, a Kano zai tsaya. Majinyacin Batsari ba zai yi jiran gawon shanu ba.

Abin da ya dace da yankin yau shi ne ƙananan na'urori marasa cin wuta. Akwai na'urar sikanin da ake haɗawa da wayar hannu, da ta hoton ƙirji da ake goyawa a jaka. A 2020 Amurka ta amince da wata ƙaramar MRI mai taya da ake jonawa a soket na bango. Hotonta bai kai na babbar fitowa ba, kuma kai kawai take dubawa, amma da babu gara ba daɗi. Sola da batir sun isa su riƙe irin waɗannan.

Saura masu gyara. Godfrey Hounsfield, wanda ya ƙirƙiro CT har ya samu kyautar Nobel a 1979, injiniya ne, ba likita ba. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma tana maƙwabtaka da Safana. Ya kamata ita da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina su horar da masu gyaran kayan asibiti, TETFund ta ɗauki nauyin binciken, gwamnatin Katsina kuma ta daina sayen na'urar da babu tanadin wutarta da mai gyaranta.