Ra'ayinmu: Ƴan rawar zamani ma na buƙatar rumfa

Kowane ɗan kasuwa ya san haja ba ta zama a rana, sai da rumfa. To samari da ƴan matan da suka ɗauki rawar zamani sana'a su ma rumfa suke nema, kuma a Nijar ta yi musu ƙaranci.

Ba rawar gidan biki muke nufi ba, wadda ake liƙa wa makaɗi kuɗi a goshi. Wannan rawa ce da ake tsarawa wata da watanni, a hau dandali a ba da labari da jiki: fari, gudun hijira, auren dole. Mai yinta yana motsa jiki kowace safiya kamar ɗan kokowa mai neman takobi. Siminti kuwa cin gwiwa yake, daɓen katako ake so, da fitila, da zauren da ba za a kore ka ba don masu taro sun biya haya.

Shekara da shekaru, cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, a Yamai da Damagaram, ita ce babbar inuwarsu. Bayan juyin mulkin 2023 aka raba gari da Faransa, a 2024 kuma aka sa wa cibiyar Yamai sunan Mustafa Alasan, gwanin shirya fim. Sunan ɗan ƙasa ya dace ƙwarai. Amma suna ba ya biyan kuɗin wuta.

Mu dubi maƙwabta. A 1977 shugaba Senghor ya buɗe makarantar rawa ta Mudra Afrique a Dakar. Bayan ya bar mulki tallafi ya yanke, aka rufe ta a 1982. Shugabarta, Germaine Acogny, ba ta naɗe hannu ba: ta kafa tata, École des Sables, a wani ƙauyen masunta na Senegal, inda ƴan rawa daga ƙasashen Afirka ke zuwa koyo. A Wagadugu, Salia Sanou da Seydou Boro sun buɗe La Termitière a 2006. Ma'anar sunan suri ne, gidan gara, wanda ake ginawa ƙasa kaɗan-kaɗan.

Wasu za su ce rawa ba aikin ɗan mutunci ba ne. Zamanin Seyni Kunce ƙungiyoyin samariya sun yi ta rawa a bikin matasa na ƙasa, iyaye na kallo suna tafi. Inda iyaye ke da gaskiya shi ne batun dare da sutura, kuma wannan ana iya gyara shi: a yi wasa da la'asar, a fili, kowa na gani.

Alhazan Maraɗi da Damagaram, nawa ne cikinku ke da sito a rufe? Ku ba da aron ɗaya na shekara. Ke hajiya mai atamfa, turmi biyu sun isa ɗinka wa ƙungiya kayan wasa, tela ya samu, sunan shagonki ya fito. Magajin gari ya ware musu kwana biyu a mako a gidan matasa, a rubuce, don kada sabon darakta ya zo ya ce bai san zancen ba.

Su kuma ƴan rawa su sani, ɗan kasuwa ba ya zuba kuɗi inda babu lissafi. Su riƙe littafin shiga da fita, su sa kuɗin ƙofa daidai aljihun talaka, ko dala ɗari ne, su kawo wasan bakin kasuwa ranar da take ci.