Yatsun Mai Hawan Dutse Ba Sa Zuwa Hutu

 A makon nan za mu leƙa wani wasa da ba a cika jin labarinsa a makarantunmu ba, wato hawan dutse. Wasan ya fara shiga gasar Olamfik ne a Tokiyo a 2021, inda Janja Garnbret 'yar ƙasar Sulobeniya ta ci zinare, ta kuma sake ci a Faris a 2024. Duk wanda ya kalli bidiyonta zai ga wani lokaci jikinta gaba ɗaya a rataye yake a kan 'yan yatsu. To, yaya masu wannan wasa suke riƙe ƙarfin yatsunsu idan tafiya ta kama su, suka yi nisa da wurin atisaye?

Mu fara da darasin bayoloji. Tsokar da ke lanƙwasa yatsu ba a cikin yatsun take ba. Mafi yawanta tana tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Ku gwada yanzu: ku kama wurin da ɗaya hannun, ku motsa yatsunku, za ku ji yana motsi. Daga nan dogayen jijiyoyi suke tafiya har ƙarshen kowace yatsa, wasu ƙananan zobba kuma suna riƙe su a jikin ƙashi, kamar yadda madaukan wando suke riƙe bel. Tsoka tana saurin yin ƙarfi, amma jijiya da zobban nan sai a hankali, cikin watanni. Idan mutum ya yi makonni bai motsa su ba, sannan ya dawo ya ɗora musu nauyi lokaci guda, zoben yana iya tsinkewa, jinyarsa kuwa takan ɗauki watanni. Shi ya sa mahayan dutse ba sa yarda tafiya ta yanke musu atisaye.

Ba'amurke Alex Honnold, wanda ya hau dutsen El Capitan mai tsayin kusan mita 900 ba tare da igiya ba a 2017, ya yi shekaru yana kwana a cikin motarsa yana yawo daga wannan dutse zuwa wancan. A saman ƙofar motar ya kafa wani katako mai ramuka, yana rataya a jikinsa da yatsu. Wanda ba shi da mota kuma yana da dabara mafi sauƙi: guntun katako da bai wuce tafin hannu ba, mai rami kamar santimita 2, da igiya a jikinsa. Yana shiga aljihun jaka. Maimakon mutum ya rataya jikinsa, sai ya ɗaura igiyar a jikin jarka ko jakar kaya, ya sa yatsu huɗu a ramin, ya ɗaga daga ƙasa.

Amfanin wannan hanya shi ne mutum ya san nauyin da yake ɗagawa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka mai lita 5 kilo 5 ce. Sai ya fara ɗumama hannu da buɗewa da dunƙulewa, ya ɗaga na kamar daƙiƙa 10, ya huta, ya sauya hannu, ya gama cikin minti goma. Daga ƙarshe ya zura yatsunsa cikin robar ɗaure kuɗi yana buɗe su, don tsokar bayan hannu ma ta samu rabonta. Nauyi kaɗan a kai a kai ya fi nauyi mai yawa sau ɗaya a wata.

Ga inda maganar ta shafe ku kai tsaye. Ƙashin yatsar ɗan sakandare bai gama girma ba. Kusa da gaɓoɓi akwai wani sashe mai taushi, na guringuntsi, inda ƙashin yake ƙara tsawo, kuma ba ya ƙanƙamewa sai girma ya tsaya. A jikin matashi wannan wuri ya fi jijiya rauni, don haka shi ne yake fara tsagewa. Likitocin masu hawan dutse sun fi ganin wannan rauni a gaɓar tsakiya ta yatsar tsakiya. Saboda haka suke hana matasa rataya da ƙarin nauyi a jiki, da hawa allon tsani na katako da Bajamushe Wolfgang Güllich ya ƙirƙiro a 1988, wanda ake hawa da yatsu kawai ba ƙafa.

Don haka mu kiyaye. Kada a yi gasar wa ya fi daɗewa a rataye a saman ƙofar hostel. Idan gaɓa ta kumbura, ko ciwo ya kwana biyu bai tafi ba, a dakata, a faɗa wa iyaye ko malamin wasanni, a je asibiti a ɗauki hoto. Tsagewar da aka yi sakaci da ita tana iya barin yatsa a karkace har abada, kuma yatsar nan ce take tallafe biro ranar WAEC da NECO. Masu sha'awar duwatsu irin Kufena na Zariya ko na Jos kuma, kada su tunkari gefe mai tsaye ba igiya ba ƙwararren mai koyarwa. Honnold ya yi shekaru kusan ashirin yana hawa kafin ranar da duniya ta san shi.

Sannu ba ta hana zuwa. Ku turo mana wasan da kuke so mu duba a gaba. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.