Duniya Makaranta: Ƙauyukan da makaranta ke zuwa cikin jirgin ruwa

Wannan makon za mu leƙa ƙasar Bangladesh, maƙwabciyar Indiya, mu ga yadda mutanen karkara ke rayuwa a inda ruwa ke shanye gonaki da hanyoyi kusan kowace damina.

Ku ɗauko taswira. Za ku ga manyan koguna uku sun haɗu a ƙasar kafin su zuba a Tekun Bengal: Ganjis, wanda su ke kira Padma, da Barahmaputra, wanda su ke kira Jamuna, sai kuma Meghna. Biyun farko tun daga yankin tsaunukan Himalaya suke gangarowa. Saboda haka yawancin ƙasar fadama ce shimfiɗaɗɗiya. Girmanta bai kai kashi ɗaya cikin shida na Nijeriya ba, amma mutanenta sun kai wajen miliyan 170. Kun ga ke nan babu zancen a bar wa ruwa wuri a koma tudu, domin tudun ma bai wadata ba.

A harshen Bengali, sunan ruwa biyu ne. Akwai "borsha", wato ruwan damina na yau da kullum, wanda ke cika fadama daga watan Yuni zuwa wajen Oktoba, ya kawo kifi, ya bar laka mai ƙara wa gona ƙarfi. Wannan manomi maraba yake yi da shi. Akwai kuma "bonna", ambaliyar da ta wuce kima, kamar ta 1998, wadda ta shanye kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar. Da wannan bambanci a zuciya mutumin ƙauye yake tsara shekararsa.

Idan zai gina gida, sai ya fara haƙa kududdufi, ya tara ƙasar da ya haƙo ta yi tudu, sannan ya ɗora gidan a kai. Kududdufin kuwa ya zama wurin kiwon kifi da wanki. A gona akwai wata irin shinkafa da ke ƙara tsayi yayin da ruwa ke hawa, har karanta ya kai mita uku ko fiye, kanta na sama. Mata kan ajiye murhun yumɓu na tafi-da-gidanka da busasshen itace a kan rumfa, don ko ruwa ya shiga tsakar gida a ɗora tukunya. Da yawa sun fi son kiwon agwagi a kan kaji, kun san dalili. Wanda ba shi da kwalekwale kuwa sai ya ɗaure kututturan ayaba ya hau.

A kudancin ƙasar, wajen Barishal da Gopalganj, har lambu suke yi a kan ruwa. Mu mukan ce kainuwa dashen Allah, to su sun mayar da ita gona. Sukan tara ciyawar da ke yawo bisa ruwa, su jibge ta hawa-hawa ta zama doguwar kunya, idan ta fara ruɓewa su shuka kuɓewa da kokwamba da alayyafo. Ruwa ya hau, lambu ya hau tare da shi. A 2015 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta saka wannan dabara cikin jerin kayan gadon noma na duniya.

Yanzu ga abin da ya shafe ku kai tsaye. A yankin Chalan Beel da ke arewa maso yamma, ruwa kan datse hanyar makaranta na tsawon watanni, kuma yaron da ya daɗe a gida, musamman yarinya, ba lalle ne ya koma aji ba. Wani ɗan yankin mai suna Mohammed Rezwan, wanda ya karanci zanen gine-gine, ya taso yana ganin haka. A 1998 ya kafa ƙungiya mai suna Shidhulai, a 2002 kuma ya fito da makarantarsa ta farko a cikin jirgin ruwa na katako. Da safe jirgin kan bi gaɓa yana ɗaukar yara, sannan ya tsaya a fara darasi. Aji guda kan ɗauki ɗalibai kimanin 30. A rufin akwai faranten sola da ke ba da wutar fitila da ta kwamfuta, a ciki kuma ga allo ga littattafai.

Kada ku ɗauka rayuwar nan daɗi ce zalla. Kogin Jamuna na cin gaɓa kowace shekara, ya tafi da gona da gida har da makabarta. Akwai iyalan da ke zaune a tsibiran yashi da ake kira "char", waɗanda suka tashi sau da dama a rayuwarsu. Nutsewa a ruwa kuma na cikin manyan abubuwan da ke kashe ƙananan yara a ƙasar. Dabara tana rage asara, amma ba ta kawar da ita.

Mu ma muna da fadamu, daga Haɗeja da Nguru zuwa Argungu, kuma ba mu manta da Satumbar 2024 ba, lokacin da madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri, aka rufe makarantu, wasu suka zama matsugunin waɗanda suka rasa gidajensu. Abin koyi daga mutanen Bangladesh shi ne, tun da rani suke shirin damina.

Ga aikin wannan makon. Ku tambayi Kaka ko wani dattijo a unguwarku ina ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ya fi yawa, kuma ina mutane suka fake. Ku rubuta amsar, ku zana 'yar taswirar unguwar, ku nuna kwari da tudu. Sannan ku zuba takardun haihuwa da na sakamakon jarrabawarku a leda mai kauri, ku ɗora a wuri mai bisa. Wanda ya gama ya nuna wa malamin labarin ƙasa, ya kuma aiko mana.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.