ZAMANI RIGA: Kafin A Sauke Injin Hoton Haƙori A Tema

A wannan watan ɗakin likitan haƙori za mu leƙa, amma ba don a cire mana turmi ba. Wataƙila wani ya ce, to mu mazauna zongo ina ruwanmu da injinan likita? Da ruwanmu kuwa. Da can mai ciwon haƙori ko dai ya cusa kanumfari a kogon ya kwana yana juyi, ko ya nufi mai filaya a bakin tasha. Yanzu 'ya'yanmu da ƙannenmu sun fara shiga makarantun likitan haƙori na Korle Bu da Kumasi, kuma wanda ya fito ya ɗan yi aiki sai ya fara tunanin buɗe wurin kansa. Mun kuwa san inda kuɗin ke fitowa: Alhaji ya sayar da fili, Hajiya ta kwashe adashi, yayan da ke Jamus ko Amurka ya turo kaya cikin kwantena. Saboda haka maganar ta shafi likitan, ta kuma shafi masu zuba dukiyarsu.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne wani abin takaici da muka gani da idonmu. Mun je taya wani ɗan'uwa murnar isowar kayan asibitinsa, kayan gwanjo daga Amurka, an biya kuɗin jirgi, an biya na kwastan a Tema. Wani yaro mai ɗoki ya canja kan filogin injin da ke hura wa kujera iska ya jona shi a bango, nan take muka ji ƙauri. Sa'an nan da aka buɗe ƙaramin akwatin da na'urar ɗaukar hoto take ciki, sai ga ta lafiya lau, amma babu manhajar da za ta yi aiki da ita, lasisin kuma yana da sunan tsohon asibitin da ya sayar. Har yau tana kwance cikin durowa. Cinikin biri a sama ke nan.

Mu fara da wuta, tun da ita ce ta fara cin kuɗin. Wutarmu a Ghana bolt 230 ce, tana kuma kai da komo sau 50 a daƙiƙa, alhali ta bangon ɗaki a Amurka 120 ce, sau 60. Taransifoma tana rage ƙarfin, amma ba ta canja yawan kai da komon, shi ya sa injin da ke da mota a ciki yakan rage gudu ya riƙa zafi. Don haka a sa wanda ke can ya ɗauki hoton ɗan ƙarfen da ke manne a bayan injin ya turo kafin a biya ko sisi. In an ga an rubuta 100 zuwa 240, da 50/60, to an huta. Kayan Ingila da na sauran Turai sun fi dacewa da wutarmu. Wanda kuma ya sha dumsor na 2015 ba ya buƙatar a tuna masa cewa kwamfuta na son akwatin batir ɗin nan da ake kira UPS, manyan injina kuma na son sitabilaiza da wayar ƙasa mai kyau. Dawowar wuta ta fi ɗaukewarta ɓarna.

To, sai hoton kansa. A 1895 Wilhelm Röntgen ya gano wannan haske mai ratsa jiki, kuma a farkon 1896 wani likitan haƙori Bajamushe, Otto Walkhoff, ya ɗauki hoton nasa haƙoran, sai da ya yi minti 25 hasken na dukansa. Yau aikin bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Na'urar da ta fara kai hoton kan allo ba tare da fim ba kuwa, likita Francis Mouyen na Faransa ne ya ƙirƙiro ta, ta shiga kasuwa cikin shekarun 1980.

Ga ƙaramin hoto na haƙori biyu ko uku, hanya uku ce. Akwai fim irin na da, mai araha a farko, amma sai da ɗaki ko akwati mai duhu da ruwan wanki, ga shi zafin ƙasarmu na lalata fim da ruwan duka, ga saye kullum. Akwai na'urar da muka ambata, mai kama da ƙaramin akwatin ashana da waya zuwa kwamfuta. Ita hoton na fitowa nan take, kuma hasken da take buƙata bai kai na fim ba. Aibinta, tana da kauri da tauri a baki, yara ba sa son ta, in kuma ta faɗi ƙasa ko mara lafiya ya ciji wayar, to sau da yawa sai dai sabuwa, kuma ba kuɗi kaɗan ba ne. Ta uku wasu 'yan faranti ne sirara kamar fim, a ɗauki hoto a kansu, a zura su cikin injin da ke karantawa, a goge a sake amfani da su. Suna kwarzanewa da tsufa, amma musanya faranti ɗaya ba ya karya mutum.

A ganinmu, wurin da ke da kujera biyu ko uku, da yara masu yawa, da ma'aikata masu koyon aiki, farantin ya fi masa kwanciyar hankali. Likitan da ke yawan aikin jijiyar haƙori, wanda sai ya duba hoto sau uku ko huɗu mara lafiya na zaune baki buɗe, shi mai wayar ta fi masa. Kada kuma a yi gaggawar jefar da tsohon injin da ke jikin bango. Yana iya aiki da sabuwar na'ura, muddin agogonsa na iya saukowa zuwa gajeren lokacin da take so.

Babban injin da ke zagaya kai ya ɗauko muƙamuƙi biyu a hoto guda yana da amfani ƙwarai, amma a yi lissafi tukuna: mutum nawa ne a wata za su buƙace shi, nawa za su iya biya? Wanda ya fi shi, watau CBCT mai nuna ƙashi ta kowane ɓangare, na masu dashen haƙori ne da fiɗa. Sabon asibiti a Nima ko Aboabo bai kamata ya ci bashi dominsa ba, gara ya tura mara lafiya inda ake da shi. Bugu da ƙari, ƙaramin hoto ɗaya haskensa kusan daidai yake da wanda kowa ke samu daga ƙasa da sararin sama cikin yini guda, amma na CBCT kan ninka wannan sau da yawa. Ba abin da za a riƙa yi wa kowa ba ne don a mai da kuɗin inji.

Akwai wani da muke so a yi hattara da shi, watau ɗan injin riƙewa a hannu mai kama da kyamara. Akwai na ƙwarai, akwai kuma na banza da ke yawo a intanet da arahar da ta wuce hankali. A 2012 hukumomin lafiya na Ingila sun yi gargaɗi a kan irin wannan, bayan gwaji ya nuna hasken na yoyowa zuwa hannun mai riƙe da shi. Mara lafiya sau ɗaya zai sha, ita kuwa yarinyar da ke ɗaukar hoton kullum ne, kuma ba wari, ba zafi, balle ta sani. Ko da injin bango ne, ƙa'ida ita ce mai dannawa ya ja da baya kamar mita 2, ko ya tsaya bayan bango. Hukuma ma ba ta bar abin sakaka ba. Tun dokar 2015 aka kafa hukumar NRA mai sa ido a kan irin waɗannan injina, sai da izininta ake shigo da su a kuma yi aiki da su, ban da lasisin asibitin kansa da ke hannun HeFRA. A nemi takardun kafin kaya su taso, ba bayan sun zauna a Tema kuɗin ajiya na hawa ba.

Kwamfuta kuwa ita aka fi rainawa, alhali duk abin da asibitin ya sani a cikinta yake. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayi kwamfuta tukuna, sa'an nan a nemo na'ura. A'a, na'urar ce za ta faɗi irin kwamfutar da take so. Tsofaffin na'urori da yawa ba sa aiki sai da Windows 7, wadda kamfanin Microsoft ya daina kula da ita tun Janairun 2020, ita ma Windows 10 kulawar da aka saba yi mata ta ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. In dole sai an riƙe irin wannan tsohuwa, to a raba ta da intanet gaba ɗaya. Mu tuna da 2017, lokacin da ƙwayar WannaCry ta kulle kwamfutocin asibitocin gwamnatin Ingila har aka soke ganin dubban marasa lafiya, ita kuma ta kafar Windows ɗin da ba a yi wa gyara ba ta shiga. Kwamfutar hoto ba ta kallon ƙwallo ba ce, ba kuma ta ɗan maigida ba ce in an tashi aiki. A ɗaga ta daga ƙasa saboda ƙurar hunturu, allon da likita ke duba hoto a kai kuma ya zama mai kyau, nesa da hasken taga, domin ruɓar da ta fara tsakanin haƙora biyu 'yar inuwa ce kawai.

A riƙa kwafe bayanai kullum kafin a rufe, kwafi biyu, ɗaya ya kwana a wani gida dabam, don ɓarawo ko gobara ba sa tambaya wanne ne na asali. Sau ɗaya a wata a gwada buɗe kwafin a gani ko da gaske akwai abu a ciki. Kowane ma'aikaci da tasa kalmar sirri. Dokar kare bayanan mutane ta 2012 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta wa, mu kuma a zongo kowa ya san kowa, don haka hoton bakin Hajiya bai kamata ya zauna cikin WhatsApp ɗin yaron asibiti ba.

Idan mai sayarwa ya zo, a zaunar da shi a tambaye shi a gaban shaidu: in ta lalace wa zai gyara, a Ankara yake ko Kumasi, ko sai an mayar da ita ƙasar waje? Kwana nawa za a yi ba aiki? Lasisin manhajar da sunan wa yake, sau ɗaya ake biya ko duk shekara? Ana iya fitar da hotuna a tsarin DICOM, wanda injinan wasu kamfanoni ke karantawa, in wata rana an canja dillali? Duk amsar da ya bayar a sa ya rubuta ta a jikin rasit ya sa hannu.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba tukunyar da ke dafa kayan aiki don kashe ƙwayoyin cuta, da yadda mara lafiya zai gane ko ana amfani da ita.