A Taimaka Wa Jarirai Game Da Amosanin Ido

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin jama'ar Mashi, Mani, Dutsi da sauran garuruwan shiyyar Daura game da ciwon amosanin ido.

Ni dai na san ciwon nan tun daga gida. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, gashin idonta ya juya ciki yana gogar ƙwayar idon, kullum sai an cire mata shi da matsefata, har ta rasu ba ta gani. Da muna cewa tsufa ne. Ashe tun ƙuruciya ciwon yake farawa. Ƙuda ya sauka a kan kwantsar wannan yaro ya tashi ya sauka a kan wancan, ko kuwa uwa ta share fuskar 'ya'ya uku da gefen zane guda. In yaro ya yi ta kamuwa, sai cikin fatar idon ya yi tabo, bayan shekaru a ga makanta.

To, magani akwai shi. Tun 1998 aka kafa shirin da kamfanin Pfizer yake bayar da Zithromax kyauta ga ƙasashen da ciwon ya yi yawa. Sau ɗaya ake sha a shekara, kuma gari duka ake ba, har da masu lafiya, don a yanke yaɗuwarsa. Yara ana auna tsawonsu da sanda. Jaririn da bai kai wata 6 ba, man ido na tetracycline ake ba uwarsa, ta riƙa sa masa safe da yamma har mako 6. Anan ne gizo yake saƙa, domin uwa da daka da ɗibar ruwa suka sha mata kai, da ta ga ido ya washe bayan kwana huɗu sai ta ajiye man.

Wasu magidanta kuma suna ƙin karɓa, suna tuna gwajin maganin Trovan da kamfanin nan ya yi wa yara a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau. Ban ga laifinsu ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma wannan magani daban ne, an daɗe ana shan sa, kuma da irin wannan aiki Gana ta rabu da ciwon a 2018, Gambiya a 2021, Mali da Binin a 2023. Su ba mutane ba ne kamar mu?

Abin da ya fi damuna shi ne dogaro da na waje. A 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta USAID mai tallafa wa irin waɗannan ayyuka. Ran da kyauta ta ƙare fa? Ƙwaya tana kashe cuta, amma ba ta korar ƙuda. In babu ruwan wanke fuska, babu masai, ciwon zai dawo.

Saboda haka ina kira ga ƙaramar hukuma da gwamnatin Jihar Katsina da su gyara rijiyoyin burtsatse da suka lalace a ƙauyuka. Dagatai da limamai su riƙa yi wa jama'a bayani kafin ranar rabo. Mu kuma magidanta mu haƙa masai, mu tsaya a kan man jarirai har ya cika kwanakinsa, kowane yaro a wanke masa fuska da safe. Rigakafi ya fi magani. Allah ya sa mu gyara, amin.

Naku,
Wani manomi,
Mashi, Jihar Katsina.